Hanya Uku Daga Ƙofar Gidanmu

Da asuba baba Toktosun ya shimfiɗa taswira kan dardumar ulu,
ya danne kusurwa guda da kofin shayi, guda da wuƙarsa,
ya ce, "Nurjamal, zaɓi."
Amma yatsansa ya riga ni zaɓe,
yana kwance kan layin da ya miƙe can sama,
inda ƙanƙara ba ta narkewa ko da bazara.

Hanya uku ce daga ƙofar gidanmu.
Ta fari tana hawa ta wuyan dutse,
awa bakwai in ƙafa na da lafiya,
tsakuwa na zamewa kamar gero a faifai.
Can ya yi kiwo shekara talatin da ɗaya,
can ya saɓo maraƙi a kafaɗa ranar da hadari ya rufe ido,
labarin da muka sha ji har muka haddace.

Ta biyu tana ratsa kurmi mai ƙamshin ƙaro
ta kai ga ruwan da ke faɗowa daga tsauni.
Wannan ta innarmu Burul ce.
Tun da muka binne ta ba mu taka ba.
Ba wanda ya hana. Ba wanda ya ce a je.

Ta uku kuwa bakin tafki take bi,
shimfiɗaɗɗiya kamar tafin hannu,
ta yara ce, da baƙi masu kyamara,
da tsofaffin da baba ke yi wa dariya bara.

Na saci kallon gwiwarsa.
Jiya da dare na ji yana shafa mata kitsen tunkiya,
yana zaginta ƙasa-ƙasa don kada in farka.

Na ce, "Baba, takalmin nan yana cizo.
Dunduniyata ba za ta kai sama ba."
Ya dubi takalmin.
Shi ya saya mini a kasuwar Karakol,
shekara huɗu ke nan, ya yi laushi kamar kunnen rago.
Ya yi shiru har shayi ya huce.
"Yaran yanzu," in ji shi, "ƙafa kamar ta ɗan tsako."
Ya naɗe taswira.

Muka bi bakin Isik-Kul,
busasshen cuku a aljihu, burodi a ƙunshe,
ƙaya mai 'ya'ya ruwan lemo tana kama mana wando.
Ni na manta da ɗingishi tun kafin mu wuce maƙabarta.
Shi bai manta ba, nasa na gaske ne.
Sau huɗu ya tsaya, wai yana duba sawun doki,
sau huɗu na tsaya ina ɗaure igiyar takalmi
wadda ba ta kwance ba.

Wajen azahar hanya ta zagaye wani lungun ruwa,
muka juyo muna fuskantar dutsensa.
Iska ta kwanta.
Ga shi nan dungurungum cikin tafki, kai ƙasa,
ƙololuwarsa fara fat ta zo har bakin yashi,
taku biyu daga inda muke.

Baba ya zauna, ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando.
Ya miƙo mini sanda.
Ya shiga.
Dutsen ya farfashe, ya yi rawa, ya watse,
sannan a hankali ya haɗu a zagayen ƙafafunsa.

"Awa nawa muka yi?"
Na ce uku.
"Da, bakwai nake yi," ya ce. "Ashe ƙarfi nake ƙarawa."
Leɓensa na rawa don sanyi.

Da muka juya gida bai dubi sama ba.
Ya tsaya a mararraba, inda ta biyu ke shiga kurmi,
ya daɗe yana shaƙar ƙamshin ƙaro.
"Wannan ba ta da hawa sosai," ya ce,
"in takalminki ya daina cizo ranar Juma'a."